Asusu

Kalmar asusu baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Daga Yarabanci aka aro ta, inda esusu ke nufin zubin kuɗi na karɓa-karɓa. Ta yi doguwar tafiya, domin a Ghana ana cewa susu, haka ma a tsibirin Tirinidad.

Sai dai da ta iso ƙasar Hausa ma'anarta ta karkata. Zubin karɓa-karɓa muna kiransa adashi, da uwar adashinsa da ranar kwasa. Asusu kuwa sai ya koma sunan 'yar tukunyar yumɓu mai tsaga a ka, wadda kuɗi ke shiga ba sa fita sai an fasa. A Dogon Daji, kamar ko'ina daga Tambuwal zuwa Kebbe, mai ƙuli-ƙuli ko mai fura ta san bambancin: adashi na jama'a ne, asusu sirrinta ne, ko maigida bai san nauyinsa ba. Shi ya sa "fasa asusu" ke nuna biki ya matso ko lalura ta taso.

Daga baya kalmar ta shiga ofis: asusun banki, Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A ganina inda ta fi dacewa shi ne tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991. Mata na zubi kowane mako cikin akwati guda, mai neman jarin sana'a ta ranta, ƙarshen zango a raba uwa da riba.