M. G. Smith da binciken daraja a ƙasar Hausa

An haifi Michael Garfield Smith a birnin Kingston na tsibirin Jamaika a shekarar 1921, cikin al'ummar da bauta ta bar wa gadon bambancin launin fata da na dukiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya yi karatun zamantakewar al'ummomi a Jami'ar Landan, a hannun Daryll Forde. Daga 1949 zuwa 1950 ya zauna ƙasar Zazzau tare da matarsa Mary, wadda ta rubuta labarin Baba ta Karo da aka buga a 1954.

Tambayar da ya riƙe tsawon rayuwarsa ita ce: me ke ɗora wani bisa wani, kuma ta wace hanya na ƙasa ke hawa? A maƙalarsa ta 1959 ya nuna cewa darajar namiji Bahaushe tana bin sana'arsa. Masu sarauta ne a sama, sai malamai da attajirai, sai manoma da masu sana'ar hannu, sannan mahauta da maroƙa. Darajar mata kuwa tsarinta dabam ne, ba lalle ta bi ta mazajensu ba.

Abin lura shi ne, ma'aunin da ya yi aiki da shi daga bakin mutane ya ɗauko shi. Karda ita ce sana'ar da mutum ya gada, shigege kuwa wadda ya shiga da kansa, kuma ta gado ta fi kwarjini. Duk da haka ƙofa ba a rufe take ba: ta hanyar barantaka, talaka, har ma bawa, yakan bi ubangida ya kai ga sarauta. Wannan ne ginshiƙin littafinsa na 1960 a kan mulkin Zazzau daga 1800 zuwa 1950.

Domin gane tsarin da ya gabaci jihadi, sai ya dubi sarautun Haɓe da suka wanzu bayansa. A 1967 ya wallafa nazari a kan Maraɗi zamanin Ɗan Baskore, 1854 zuwa 1875, a 1978 kuma littafinsa na Daura ya fito. Ya koyar a Los Anjales da Landan da Yale, ya kuma yi irin wannan bincike a tsibirin Giranada. Ya rasu a 1993. Littafinsa na Kano ya fito a 1997.

Ga masu tsara ƙamus da littattafan yaƙi da jahilci, aikinsa shaida ne cewa Hausa tana da kalmominta na bayyana matsayi da ɗaukaka: asali, karda, shigege, bara, ubangida. Tattara su daga bakin dattawan Maraɗi da Damagaram da Adar, tare da tantance ma'anarsu a kowane yanki, shi ya kamata ya gabaci ƙirƙirar sababbi.