Dare Uku Ba Runtsawa: Nazarin Rashin Barci da Gajiyar Deksametason a Jinyar Sankarar Mama

Matar da aka rubuta wa dosetaksel domin sankarar mama takan bar asibiti da 'yan ƙananan ƙwayoyi a leda, da umarnin ta fara sha tun ana gobe za a ɗaura mata ruwan kemo: miligiram 8 sau biyu a yini, kwana uku a jere. Ƙwayoyin nan deksametason ne, ɗaya daga cikin magungunan da likitoci ke kira sitiroyid. Bayanin da ake yi mata a ranar yawanci kan zubewar gashi ne da amai da ranar dawowa. Ba kasafai ake gaya mata cewa wataƙila daren yau da na gobe idonta biyu za ta kwana ba, kuma a rana ta huɗu ko ta biyar za ta ji kamar an zare mata laka. A ganina wannan shirun shi ne rabin wahalar, domin rashin barcin nan yana da jadawali. An san ranar zuwansa, an san ranar tafiyarsa, an kuma san abin da ke sa ya ƙi tafiya.

Kafin a ga laifin maganin, sai a san aikin da ya zo yi. Haɗin doksorubisin, wannan jan ruwan da marasa lafiya ba sa mantawa, da saikulofosfamid yana cikin mafi tayar da zuciya a magungunan kemo, kuma deksametason na cikin abin da ke danne aman. Fakilitaksel kuwa ba ya narkewa a ruwa, sai an narkar da shi a wani sinadari da aka sarrafa daga man zurma, wanda kan sa jiki ya yi bore nan take: numfashi ya sarƙe, fuska ta yi ja, bugun jini ya faɗi. Shi dosetaksel, bayan irin wannan boren, yana tara ruwa a ƙafafu, wani lokaci har a kewayen huhu. Duk waɗannan deksametason ke tarewa. Saboda haka matar da ta gaji da kwana zaune ta ajiye ƙwayoyin ba ta faɗa wa kowa ba, ta guje wa ƙaramar matsala ne ta nufi babba.

Asalin rashin barcin yana cikin agogon jiki. Akwai 'yan gaɓoɓi biyu ɗare a saman ƙoda, ana ce musu adirinal, masu fitar da sinadarin kotisol. Fitarsa tana bin lokaci: yakan fara hawa kafin asuba, ya kai ƙololuwa jim kaɗan bayan farkawa, ya yi ta sauka cikin yini har ya kai ƙasa wajen tsakar dare. Hawansa na cikin abin da ke ce wa jiki gari ya waye, a saki sukari cikin jini, a tashi a nema. Deksametason, wanda aka haɗa a ƙarshen shekarun 1950, kwaikwayon kotisol ne, amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. A lissafin masana magunguna, miligiram 0.75 nasa daidai yake da miligiram 20 na haidirokotison, wato kusan abin da ake ba mutumin da jikinsa ya daina yin kotisol domin ya ishe shi yini guda. In aka yi lissafi, miligiram 16 ɗin da mai karɓar dosetaksel ke haɗiya a rana ya kai wajen ninki 20 na wannan. Sannan tasirinsa ba ya gushewa da faɗuwar rana, yakan ɗauki awa 36 zuwa 54 yana aiki. Ƙarfe biyun dare ya yi, gida ya yi tsit, amma saƙon da ƙwaƙwalwa ke karɓa shi ne hantsi ne. Shi ya sa za ka ji mace ta ce ta tashi cikin dare ta wanke kwanukan da ba su yi datti ba, ta ninke kayan sawa, ta tsara bikin 'yar da ko manemi ba ta yi ba, kuma duk da haka jikinta ciwo yake yi don gajiya.

Alƙaluma sun nuna abin ba na mutum ɗaya ba ne. A 2006 Janette Vardy da abokan aikinta a Toronto sun tambayi marasa lafiya 60 da aka ba deksametason domin hana amai bayan kemo. Kashi 45 cikin ɗari sun ce rashin barcinsu ya kai matsakaici ko mai tsanani, kashi 27 sun yi kukan zafin ciki, wasu kashi 27 kuma rashin natsuwa. A 2010 Oxana Palesh da abokan aikinta a Amurka sun buga sakamakon bin marasa lafiya 823, inda kashi 43 cikin ɗari suka cika sharuɗɗan cutar rashin barci tun a zagayen kemo na farko. Binciken Vardy ƙarami ne, kuma na Palesh bai ware rabon sitiroyid daga na sauran dalilai ba. Wannan rashin warewar ma darasi ne, domin a gadon mara lafiya dalilan a cakuɗe suke zuwa.

Deksametason na ɗaga sukarin jini, musamman da yamma, sai ƙishirwa ta taso, a sha lemon kwalba ko zoɓo mai zaƙi, sukarin ya ƙara hawa, dare ya ƙare a zirga-zirgar fitsari. Yana buɗe ciki da yunwa, a ci tuwo da nauyi dab da kwanciya, ƙwannafi ya biyo baya. Kemo kansa kan tsayar da al'ada ga matan da ba su kai shekarun tsayawarta ba, sai ga zafin jiki da gumi cikin dare, ga zafin bazara, ga wuta an ɗauke. A saman duka akwai tunani: kuɗin zagaye na gaba, yara, sakamakon hoton da ba a karɓo ba.

Gajiyar da ke biyowa ita ma ba uwa ɗaya ta haife ta ba. Muddin deksametason na yawo a jini, ƙwaƙwalwa takan ga kotisol ya wadata, sai ta daina aika wa adirinal umarni. Abin kamar mai shago ne da ya ga an cika unguwa da kayan rabo kyauta, ya ja ƙofarsa ya tafi gida. Ranar da rabon ya yanke, sai an ɗan jira kafin ya dawo ya buɗe. A gajeren sha na kwana uku jiran ba ya daɗewa, amma yakan faɗo daidai lokacin da illar kemo ke kan ganiyarta, ga kuma bashin barcin dare uku. Sai mace ta wayi gari ɗaga butar alwala ma aiki ne, hawaye na zuwa ba dalili, ƙasusuwa na tsami. Wanda bai san jadawalin ba sai ya ɗauka cutar ce ta ci ƙarfinta, gida ya ruɗe. Ba ruɗewa ya kamata ba. Yawanci cikin 'yan kwanaki ƙarfin ke fara dawowa.

Inda na fi son a tsaya shi ne abin da ke faruwa bayan ƙwayoyin sun ƙare. A shekarun 1980 Arthur Spielman, masanin barci a birnin New York, ya kasa dalilan rashin barci gida uku: abin da mutum ya zo da shi tun asali, abin da ya tayar da matsalar, da abin da ke riƙe ta bayan mai tayarwar ya wuce. Deksametason mai tayarwa ne kawai. Mai riƙewa ɗabi'un da ake ɗauka ne don a rama. Matar da ta yi dare uku ba barci takan shige ɗaki tun bayan magariba, ta koma bayan asuba har hantsi, ta ƙara da dogon barcin rana. Dangi ma, don tausayi, su ce kada a tashe ta. Ta shafe awa 12 a kan gado don neman barcin awa biyar, sauran bakwai ɗin juyi ne da duba agogon waya. Sannu a hankali gadon ya zama wurin fargaba. Kafin ta warware, mako uku sun cika, wani zagayen ya zo da nasa ƙwayoyin. Zagaye shida ko takwas a haka sun isa su mayar da matsalar kwana uku ta zama ta shekaru. Josée Savard da Charles Morin na Jami'ar Laval a Kanada sun ja hankali tun a 2001 cewa an yi watsi da rashin barci a jinyar sankara, sannan a 2005 Savard ta nuna da gwaji cewa horon gyara ɗabi'a da tunani game da barci yana taimakon matan da suka yi sankarar mama, har ya rage musu dogaro da ƙwayar barci.

To, me za a iya canzawa? Na farko lokacin sha ne. Cibiyoyi da yawa na shawartar a sha kashi na farko da karin kumallo, na biyu da abincin rana, kada ya kai yamma. Wannan ba ya kawar da matsalar ɗungurungum, tunda maganin mai daɗewa ne a jiki, amma yana rage kaifinta. Tsohon tsarin fakilitaksel ma ya fi muni: miligiram 20 awa 12 kafin ruwa, wasu 20 awa shida kafin ruwa. Idan ƙarfe goma na safe za a ɗaura, kashi na biyu ya faɗo ƙarfe huɗun dare ke nan. Yanzu wurare da dama ta jijiya suke bayarwa rabin awa kafin a fara, kuma ga masu karɓar fakilitaksel mako-mako wasu likitoci kan rage ko su janye sitiroyid ɗin idan karon farko da na biyu sun wuce lafiya. Haka nan ƙa'idojin ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka na 2017 sun taƙaita deksametason ga ranar farko kaɗai ga masu karɓar doksorubisin da saikulofosfamid, in an haɗa da sauran magungunan amai irin su afirefitant da olanzafin. Sai dai wannan sassaucin yana buƙatar waɗancan magungunan su samu, kuma inda aljihu ke biyan komai, deksametason mai araha shi ke ɗaukar nauyin. Duk wannan shawarar likita ce. Aikin mara lafiya ta buɗe baki ta ce, "Likita, dare uku ban runtsa ba," maimakon "Alhamdu lillahi, da sauƙi" da muka saba rufe kowace amsa da shi.

Na biyu yana hannun gida. Sallar asuba ta riga ta ba mu abin da masanan barci ke wahalar koya wa mutane, wato tsayayyen lokacin tashi. Abin da ya rage shi ne kada a koma a yi ta barci har rana ta take. A fito tsakar gida a sha hasken safiya. Ƙailula ba laifi, amma kada ta wuce rabin awa, kuma kada ta kai la'asar. Goro da shayi da kofi a bar su daga azahar, domin rabin sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana nan a jini bayan awa biyar. Idan barci ya ƙi, a sauka daga gado, a zauna a wuri mai ƙarancin haske da carbi ko rediyo a hankali, sai ido ya yi nauyi a koma. Masu zuwa dubiya kuma, Allah ya ba su lada, da za su zo da hantsi maimakon bayan isha'i, da sun ƙara wani ladan. A daren ƙwayoyin kansu, mafi alheri a sallama tun da wuri cewa barcin kaɗan ne. Kokawa da shi ita ke ƙara kore shi.

Maganar motsa jiki tana zuwa wa mai gajiya kamar zolaya, amma hujjarta ta fi ta kowace ƙwaya ƙarfi. A 2017 Karen Mustian da abokan aikinta sun tattara gwaje-gwaje 113 da suka shafi mutane fiye da 11,000, suka ga motsa jiki da tallafin tunani sun fi magunguna rage gajiyar sankara. Ba tsere ake nufi ba. Tafiyar minti goma zuwa ƙofar layi da dawowa ta isa mafari, a ƙara a ranakun ƙarfi, a rage a ranakun faɗuwa. Aikin gida ma a tsara shi bisa jadawalin: a roƙi 'yar'uwa ta riƙe girki da yara daga rana ta uku zuwa ta shida, ba ranar ɗaura ruwa kaɗai ba, lokacin da kowa ke rububin rakiya alhali ƙarfin deksametason na ɗauke da mara lafiyar.

Ƙwayar barci tana da gurbinta, na 'yan darare, da rubutun likita. Olanzafin da ake bayarwa don amai shi ma yana sa gyangyaɗi, shi ya sa da dare ake shansa. Abin gudu shi ne a aiki yaro kemis ya sayo dayazafam, ko a haɗa da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, alhali hanta na fama da kemo. Deksametason ɗin ma ba baƙo ba ne a kemis ɗinmu, yana cikin abin da ake sha don ƙiba. Matar da ta daɗe tana shansa kafin a gano cutar lallai ta faɗa wa likita, domin adirinal ɗinta na iya kasancewa sun daɗe a rufe, kuma yanke shi kwatsam haɗari ne gare ta.

Akwai kuma abin da bai kamata a jingina wa sitiroyid a zauna ba. Idan surutu ya yi yawa, fushi ya wuce kima, mace ta fara ganin abin da babu ko ta kwana biyu ba barci kuma ba ta jin gajiya, wannan illar maganin ce a ƙwaƙwalwa, asibiti za a kira kafin a ce iska ce. Ƙishirwa da fitsari marasa yankewa na neman gwajin sukari, balle ga mai ciwon sukari tun asali. Gajiyar da ta zo da haki da bugun zuciya da farin ido na iya zama ƙarancin jini. Tsakanin rana ta 7 da ta 14 bayan kemo fararen ƙwayoyin jini kan yi ƙasa sosai, kuma zazzaɓin da ya kai digiri 38 a wannan tsakanin, ko da sauro ya cika ɗaki, ba na sayen maganin maleriya a kwanta ba ne. A daren nan ake tafiya asibiti, a kuma gaya wa wanda aka tarar ranar da aka ɗaura ruwa na ƙarshe.