Koyon Kalmomi da Adabin Turanci a Makarantun Bauchi: Waiwaye a Kan Tarihi

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba yadda ɗaliban farko na makarantun boko a Bauchi suka laƙanci Turanci, da darasin da masu tsara manhaja za su ɗauka daga nan. Hujjar maƙalar ita ce, waɗanda suka fi gwanancewa da Turanci a wancan zamani sai da suka kafu a Hausa tukuna.

2.0 Tsarin Farko

Tun da Hans Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, Hausa ce harshen koyarwa a matakin farko a mafi yawan Arewa. Yaro yakan iya karatu da rubutu da lissafi da harshensa kafin Turanci ya zama jigon karatunsa. Wanda ya yi fice sai a tura shi Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, aka kuma san ta da tsanantawa wajen furucin Turanci.

Ta wannan tsani Abubakar Tafawa Ɓalewa ya hau. An haife shi a 1912, ya yi makarantar lardi a Bauchi, ya shiga Katsina a 1928, ya gama a 1933, sannan ya dawo Midil ta Bauchi yana koyarwa har ya zama hedimasta. A shekarar da ya gama kwaleji ne Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Shaihu Umar na Ɓalewa, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Ke nan mutumin da duniya ta yaba wa Turancinsa, wanda ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960, da Hausa ya fara gwada alƙalaminsa. Sai a 1967 Mervyn Hiskett ya fitar da fassarar littafin da Turanci.

3.0 Kalmomi, Karatu da Muhawara

A wancan zamani masana koyar da Turanci sun karkata ga ƙayyade kalmomi. Michael West, wanda ya yi aikin ilimi a Bengal ta Indiya, ya tsara littattafan karatu hawa-hawa, inda baƙuwar kalma ke shigowa ɗaya bayan ɗaya a cikin labari, tana maimaituwa har ta zauna. A 1953 ya wallafa jerin kalmomi kimanin 2,000 da aka fi bukata. Manufarsa ita ce jerin ya zama jagora ga marubucin littafi da malami. Inda aka mayar da irinsa abin hadda ga ɗalibi, an juya manufar.

Bauchi ta ƙara wani abu a kan haka. A farkon shekarun 1940, Sa'adu Zungur da Aminu Kano, wanda shi ma ya koyar a Midil ta Bauchi, da Ɓalewa suna cikin wata ƙungiyar tattaunawa inda ’yan boko ke muhawara a kan mulkin En’e da makomar ƙasa. Kalmar da mutum ya kare ra’ayinsa da ita a bainar jama’a ba ta saurin ɓace masa.

Sai dai dole a yi adalci. Waɗannan makarantu ’yan ƙalilan suka ɗauka, galibinsu maza, ajin kuwa bai cika ba. Malamin da ke fama da cunkoso ba zai iya kwaikwayon tsarin dungurungum ba.

4.0 Sauye-sauyen Manufa

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa ko na muhalli kafin a koma Turanci. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970, na koyarwa da Yarbanci shekara 6, ya nuna hakan bai tauye Turancin yara ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da harshen uwa har aji 6, a 2025 kuma aka sanar da janye matakin.

5.0 Kammalawa

Ko wace manufa aka bi, tarihin Bauchi yana nuni da abubuwa uku. Na farko, a tabbatar yaro ya iya karatun Hausa da fahimta kafin a ɗora masa nauyin Turanci. Na biyu, a koyar da kalmomi a cikin labarai masu hawa-hawa. Na uku, a haɗa darasin adabin harsunan biyu: ɗalibi ya karanta babi a Shaihu Umar, ya dubi fassarar Hiskett, sannan aji ya yi muhawara a kan abin da fassara ta riƙe da abin da ya kuɓuce mata. Littattafan nan biyu suna nan, abin da ya rage shi ne manhaja ta ware musu lokaci.