Ɗabaƙoƙin Malaman Wasan Kwaikwayo a Jami'o'in Nijeriya

Malaman wasan kwaikwayo na jami'a su ne waɗanda aka ɗora wa nauyin karantar da rubuta wasa da shirya shi da taka shi a dandamali, tare da abin da ya rataya da haka na ƙaga sutura da gina fage da sarrafa fitilu. Tun da yake al'adar magabata ce, in za su rubuta tarihin wani fanni, su fara da tarjamar ma'abotansa ɗabaƙa bayan ɗabaƙa, suna faɗin wanda kowa ya ɗauki karatu a wurinsa da sana'ar da ya riƙe kafin ya zauna karantarwa, wannan maƙala ta bi wannan tafarki. Dalili kuwa shi ne an yawaita magana a kan wasannin da waɗannan mutane suka rubuta, alhali ƙofofin da suka bi suka shigo jami'a suna nan warwatse cikin ruwayoyin da ba su cika dacewa da juna ba.

Asalin al'amarin a Ibadan yake, a kwalejin jami'a da aka kafa a 1948, wadda ta sami zauren wasanni nata a 1955 tun ba ta da malami ko ɗaya da aka ɗauka musamman don wannan fanni. A 1956 Turawan Ingila biyu suka iso sashen Ingilishi, Geoffrey Axworthy wanda ya riga ya yi koyarwa a Bagadaza, da Martin Banham wanda bai daɗe da gama karatu a Jami'ar Leeds ba. Dukkansu malaman adabi ne a takardar aiki, sai dai sha'awarsu ta karkata ga dandamali, har suka ɗauki ɗalibai suna yawo da wasa gari gari, farawa da That Scoundrel Suberu a 1961, wanda ɗalibai, cikinsu da Dapo Adelugba, suka juyo daga wani wasan Molière na Faransa. Masu tarihi sun yi saɓani a kan shekarar kafa Makarantar Wasan Kwaikwayo ta Ibadan, waɗansu suka ce 1962, waɗansu 1963. Abin da ya fi rinjaye shi ne a shekara ta farko aka tabbatar da ita da kuɗin Gidauniyar Rockefeller ta Amurka, a ta biyu kuma ɗalibai suka fara zama, saboda haka kowane ɓangare yana da hujja. Axworthy ne shugabanta na farko, daga baya ya koma ƙasarsu ya shugabanci gidan wasa na Sherman a Cardiff, Banham kuwa ya koma Leeds a 1966, inda ya buɗe wani fagen karatu da malaman Nijeriya da yawa suka je suka yi digirinsu mai zurfi, ta haka silsilar Ibadan ta ci gaba da gudana daga Ingila.

Abin lura ga wannan ɗabaƙa ta farko shi ne bambancin sana'o'in da ma'abotanta suka fito daga ciki. Demas Nwoko mai zane ne, ya yi karatun zane a kwalejin Zariya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, sa'an nan ya tafi Faransa ya koyi tsara fagen wasa, ya shigo makarantar a 1963 da burushi da gwanintar gini a hannunsa. Kola Ogunmola kuwa malamin firamare ne a ƙasar Ekiti, wanda ya bar allo ya kafa ƙungiyar wasan yawo ta Yarabawa, kuma ba shi da digiri ko ɗaya, amma jami'a ta gayyace shi ya zauna watanni cikinta da jama'arsa, aka ba shi fage da kayan aiki, har suka fito da wasan mashayin bammi daga littafin Amos Tutuola a 1963, Nwoko yana tsara masa fage da sutura. Joel Adedeji da Ebun Clark sun horu a Kwalejin Rose Bruford ta Ingila, inda ake koyar da furuci da takun ɗan wasa, Dexter Lyndersay mutumin tsibirin Trinidad ya zo da ilmin fitilu da injinan dandamali daga Amurka. Wole Soyinka, wanda aka naɗa shugaban makarantar a 1967, digirin farko kaɗai ya ɗauko daga Leeds, sauran ijazarsa aikin da ya yi ne na karanta wasanni a gidan wasa na Royal Court a Landan da ƙungiyar da ya kafa bayan dawowarsa a 1960. Bai jima da naɗin ba aka tsare shi a lokacin yaƙin basasa, ya yi fiye da shekara biyu a kurkuku, mafi yawansu a Kaduna, sai a ƙarshen 1969 ya fito ya karɓi kujerarsa, a 1970 kuma makarantar ta zama cikakken sashe mai ba da digiri.

Da Adedeji ne ƙofar ta fara sauya kama, domin shi ne ya rubuta kundin digirin digirgir a Ibadan a 1969 kan wasan alarinjo na Yarabawa, ya kuma zama shehin malami na farko a wannan fanni a ƙasar. Bayansa sai ɗabaƙa ta biyu ta taso tana haɗa abu biyu, aikin dandamali da takardar shaida mai zurfi. Ola Rotimi ya karanta rubutun wasa da ba da umarni a Boston da Yale, ya dawo Ile-Ife a 1966 da muƙamin mai bincike, ya tara 'yan wasa daga cikin gari a dandalin Ori Olokun, inda aka fara nuna The Gods Are Not to Blame a 1968, kafin ya koma Fatakwal. Femi Osofisan Faransanci ya karanta, Zulu Sofola ta yi karatu a Amurka ta kammala digirgir a Ibadan, ta shugabanci sashen Ilori, ita ce kuma mace ta farko da ta kai matsayin shehiyar malama a fannin.

A Zariya al'amarin ya bi wata hanya dabam, kuma a nan ya kamata a tsawaita bayani, domin ita ce ta fi shafar ƙasar Hausa. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, amma karatun wasan kwaikwayo bai kankama a cikinta ba sai 1975, a matsayin reshe ƙarƙashin sashen Ingilishi, bisa jagorancin Michael Etherton. Shi wannan malami daga Jami'ar Zambiya ya fito, inda ya assasa dandalin Chikwakwa, wani fage na sarari da ɗalibai suka gina da hannunsu a bayan birnin Lusaka suna kai wasa ƙauyuka cikin harsunan ƙasar, har hukuma ta kore shi daga Zambiya a 1971 bayan wata tarzomar ɗalibai. Ya iso Samaru ta Zariya ke nan da ra'ayi tabbatacce cewa wasan da talaka bai gane harshensa ba, bai kuma ga matsalarsa a ciki ba, bai cika wasa ba. Ya tarar da abokan aiki irin su Brian Crow da suka yarda da wannan mazhaba, suna karanta littattafan Paulo Freire da Augusto Boal na Barazil, suna kuma bin labarin gwajin da aka fara a Botswana a 1974 na amfani da wasa wajen ilmantar da manya. Ko ginin da suka yi aiki a ciki ya nuna aƙidarsu, gama wani Ba'amurke mai koyar da zanen gine-gine a jami'ar, Steven Ehrlich, shi ya tsara musu ɗakin wasa na ƙasa, magina Hausawa suka ɗora shi da tubali irin na gargajiya, ɗakuna suna kewaye da fili kamar tsakar gida, yadda mai kallo da ɗan wasa za su zauna kusa da juna ba labule a tsakaninsu.

Daga wannan ɗaki aka fita zuwa gundumar Soba a 1977 da abin da aka kira Wasan Manoma, a daidai lokacin da gwamnatin soja take yayata shirinta na ciyar da ƙasa da ta ƙaddamar a 1976. Usulubin aikin shi ne ɗalibai su shiga ƙauye su zauna da manoma, su ji kukansu game da takin zamani da yadda yake maƙalewa a hannun masu iko kafin ya kai gona, su dawo su ƙulla wasa ba tare da rubutaccen nassi ba, su mayar da shi dandalin ƙauyen da Hausa, bayan an tashi kuma a zauna muhawara. Aka maimaita irin wannan a Maska a 1979, da Bomo a 1980, aka kuma mai da unguwannin Samaru wurin horon ɗaliban shekarar farko. Su kansu malaman sun yi wa aikinsu na farko hisabi mai tsanani a rubuce, suka yarda cewa zuwa da wasa a nuna wa manomi a tafi bai bambanta sosai da wa'azin malamin gona ba, don haka a ayyukan baya suka nemi manoman su shiga cikin ƙaga labarin da taka shi da kansu. Wannan ikirari na kuskure, a ganin mai wannan maƙala, ya fi duk abin da suka bari daraja.

Fa'idar wannan ga mas'alarmu ita ce ya haifar da wani nau'in malami wanda Ibadan ba ta san irinsa ba, wato wanda ijazarsa ta farko zaman ƙauye ce. Salihu Bappa da Oga Steve Abah suna cikin ɗaliban farko da suka bi Etherton da Crow zuwa waɗannan garuruwa, da Turawan suka tafi kuma su suka gaji aikin. Abah, mutumin ƙasar Idoma, ya je Leeds ya yi digirgir, ya dawo ya zama shehin malami, yana cikin waɗanda suka kafa ƙawancen masu wasan talakawa na Nijeriya a 1989, tare da Jenkeri Okwori kuma suka raya cibiyar wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma a Jami'ar Ahmadu Bello. Sana'ar irin waɗannan malamai ta biyu ta kasance aiki da ƙungiyoyin agaji kan lafiya da ruwan sha da sasanta rikici, Etherton da kansa ma bayan ya rubuta The Development of African Drama, wanda ya fito a 1982, ya bar jami'a daga baya ya shiga aikin ƙungiyoyin agaji a nahiyar Asiya. Waɗansu kuma Zariya ta zame musu mashiga zuwa hidimar ƙasa: Ahmed Yerima, almajirin Soyinka a Ife, ya koyar a Zariya kafin ya koma ƙungiyar wasanni ta ƙasa har ya shugabance ta, shi ne marubucin wasan Attahiru kan Sarkin Musulmin da ya yi shahada a Burmi a 1903, Iyorwuese Hagher, wanda ya yi bincike a Zariya kan wasan kwagh-hir na Tibi ya kuma koyar a Jos, ya zama sanata a 1983, sa'an nan minista, sa'an nan jakada a Meziko da Kanada. Da Adelugba ya yi ritaya daga Ibadan, Zariya ya zo ya ci gaba da duba kundayen ɗalibai, silsilolin biyu suka haɗu a hannunsa.

Akwai wata ƙofa ta gefe da bai kamata a manta ba, Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda Lyndersay ya yi aiki da ita bayan barinsa Ibadan, ya haɗa hannu da Umaru Ladan suka mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandamali, aka buga shi a 1975, Adamu Halilu kuma ya ɗauki labarin a fim Umaru Ladan yana fitowa a matsayin Shaihun. A wannan cibiya Ziky Kofoworola ya yi bincikensa, wanda shi da Yusef Lateef suka fitar a littafi kan wasanni da kiɗan Hausawa a 1987. Amma nazarin rubutaccen wasan Hausa, irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, ya faɗa hannun malaman sassan harsunan Nijeriya, irin su Ibrahim Yaro Yahaya a Jami'ar Bayero, waɗanda horonsu na lugga da adabi ne. Sai fannin ya rabu gida biyu, masu nassi a wani sashe, masu dandamali a wani. Gwanayen da jama'a suka sani kuwa, Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi mai fitowa a Samanja, gidajen rediyo da talabijin na Kaduna ne makarantarsu da wurin aikinsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama Mamman Shata da digirin girmamawa a 1988, abin a yaba, sai dai karramawar rana ɗaya ba daidai take da abin da Ibadan ta yi wa Ogunmola ba na ba shi fage da ɗalibai, kuma wannan giɓi hasara ce ga ɗaliban da suka fita ba su zauna gaban irin waɗannan mutane ba.

Daga baya sassa suka yawaita a Jos da Kalaba da Ilori da Maiduguri da sauransu, malaman suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1982, reshen Zariya kuma ya sami 'yancin zama sashe mai cin gashin kansa bayan kimanin shekara talatin a ƙarƙashin Ingilishi. Ƙa'idar ɗaukar aiki da ƙarin girma ta tsaya a kan digirin digirgir da yawan maƙalun da aka buga a mujallun ilmi, mafi yawan malaman yau kuma ɗaliban sassan da suke koyarwa ne, sun hau daga mataimakin malami zuwa sama ba tare da sun riƙi wata sana'a a waje ba. Da yawansu sun karkata ga nazarin fim, na Legas da na Kano.