Likita A Bakin Waya: Yadda Abin Ya Faro A Dajin Ostiraliya

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa duba marar lafiya daga nesa sabon abu ne, wanda wayar hannu da annobar korona ta 2020 suka kawo. Alhali kuwa abin ya girmi kakanninmu. In ana son ganin tushensa, sai a leƙa dajin Ostiraliya, inda makiyayi kan yi tafiyar kwanaki bai ga rufin asibiti ba.

A shekarar 1917 wani makiyayi mai suna Jimmy Darcy ya faɗo daga kan doki, ya ji mummunan rauni a ciki. Aka ɗauko shi a keken doki zuwa wani ɗan ƙauye, Halls Creek. Babu likita a garin, sai shugaban gidan waya, Fred Tuckett, wanda iyakar saninsa taimakon gaggawa ne. Shi ya buga tangarahu zuwa birnin Perth, nisan sama da mil 2,000 na waya, ya sami Dokta Holland. Da likita ya ji alamomin ciwon, sai ya ce mafitsara ce ta fashe, kuma in ba a yi aiki nan take ba mutumin zai mutu. To, wa zai yi? Tuckett ɗin nan dai. Da 'yar wuƙar aljihu da reza ya yi fiɗar, likita na aiko masa da umarni kalma bayan kalma, shi kuma yana mayar da abin da idonsa ya gani. Mai karatu ya auna ƙarfin halin da wannan ke bukata.

Aiki ya yi kyau, amma zazzaɓi ya taso. Holland ya kamo hanya, ta jirgin ruwan dakon shanu, da mota, da keken doki, kusan mako biyu. Ya iso ya tarar Darcy ya rasu jiya. Da ya binciki gawar sai ya ga ba fiɗar ce ta kashe shi ba, zazzaɓin cizon sauro ne ya ci ƙarfinsa.

Labarin ya bazu a jaridu, ya kuma ƙarfafa wani limamin Kirista, John Flynn, wanda ya daɗe yana neman mafita ga mutanen daji. A watan Mayu na 1928 ya kafa aikin likitan jirgin sama a garin Cloncurry, da jirgi ɗaya da aka yi haya daga kamfanin Qantas.

Jirgin ne ya yi suna, amma a ganina ba shi ne gwarzon ba. Ina amfanin jirgi in ba yadda za a kira shi? Gidajen daji ba lantarki, ba tarho. Wani injiniya, Alfred Traeger, shi ya warware matsalar a 1929, da rediyon da ake tuƙawa da ƙafa kamar keke. Ƙafa na ba da wuta, hannu na buga saƙo. Daga baya aka kai ga magana da murya, har matar makiyayi ta iya gaya wa likita da bakinta yadda numfashin ɗanta yake.

Saura magani. A 1942 aka fara raba akwatin magani iri ɗaya ga gidajen daji, kowane magani da lambarsa. Likita ba ya wahalar da kowa da dogon sunan Turanci, sai dai ya ce a ɗauko lamba kaza, a ba da ƙwaya kaza. A 1951 wata ma'aikaciyar jinya, Lucy Garlick, ta zana hoton jikin mutum, ta raba shi gida-gida da lambobi da haruffa, don majinyaci ya faɗi daidai inda ke masa ciwo. Da wannan akwati da wannan zane aka yi ta warkar da mutane ba tare da jirgi ya tashi ba.

Dabarar ta ƙetaro Afirka a 1957, lokacin da likitoci uku, Michael Wood da Archibald McIndoe da Tom Rees, suka kafa irin wannan aiki a Kenya, wanda ya zama ƙungiyar AMREF. Su ma da rediyo suka haɗa asibitocin karkara da likitocin da ke Nairobi.