Tarihin Archie Jackson, ɗan wasan kurket da tarin fuka ya katse wa hanzari

An haifi Archie Jackson ne a ranar 5 ga watan Satumba na shekarar 1909 a garin Rutherglen da ke kusa da birnin Glasgow a yankin Scotland.

Yana ɗan kusan shekara huɗu iyayensa suka yi ƙaura zuwa ƙasar Ostireliya, inda suka zauna a unguwar Balmain ta birnin Sydney. A nan ne ya koyi wasan kurket.

Shi dai kurket wasa ne da ake yi tsakanin ɓangarori biyu masu 'yan wasa goma sha ɗaya-ɗaya. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata sanda ya ruga domin tara maki. Turawan mulkin mallaka sun kawo shi makarantun arewacin Najeriya, ciki har da Kwalejin Katsina.

Tashensa

Jackson ya fara yi wa jihar New South Wales wasa yana da shekara 17.

A watan Fabrairun 1929 aka saka shi a karon farko cikin tawagar Ostireliya da ta kara da Ingila a birnin Adelaide. Ya ci maki 164, alhali bai wuce shekara 19 ba. Duk da haka Ingila ce ta yi nasara da ratar maki 12.

A wancan lokaci masu sharhi da dama na ganin cewa zai yi kafaɗa da kafaɗa da Don Bradman, wanda daga baya ya zama gwarzon wasan a duniya.

A 1930 ya bi tawagar ƙasar zuwa Ingila, amma rashin lafiya ta dame shi. Sai a wasan ƙarshe, a filin Oval na London, ya ci maki 73, inda shi da Bradman suka haɗa 243.

Jinya da rasuwa

A ƙarshen 1931 ne ya fara tarin jini, likitoci kuma suka tabbatar da cewa tarin fuka ne. A zamanin babu maganin cutar, sai hutu da sauyin iska.

Bayan zaman jinya ya koma birnin Brisbane mai ɗumi, ya ci gaba da wasa a ƙaramin kulob duk da gargaɗin likitoci.

Ya mutu a ranar 16 ga watan Fabrairun 1933 yana da shekara 23, a daidai ranar da Ingila ta doke Ostireliya a birnin.

An kai gawarsa Sydney ta jirgin ƙasa, kuma Bradman na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar. Gaba ɗaya wasanni takwas ya yi wa ƙasarsa, ya ci maki 474.

Sai a 1943, shekaru goma bayan mutuwarsa, aka gano Streptomycin, magani na farko da ya yi tasiri kan cutar.

A yau ana warkewa daga tarin fuka idan aka sha magani na wata shida ba fashi, kuma a Najeriya ana bayar da shi kyauta a cibiyoyin lafiya na gwamnati.