Madatsar Ruwa ta Bagauda: Ginin Ƙasa da Haƙƙin Kula da Shi

Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar Kano sun san amfanin ruwan da ya kwanta wuri guda. Duk inda aka haƙa ƙasar gini, ramin da aka bari yakan cika da damina ya zama kududdufi, dabbobi su sha, magina su kwaɓa ƙasa, yara su yi wanka. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ambaci ruwan Jakara da ke tsakiyar birni a cikin labarin tafiyarsa. Amma tare hanyar rafi da gangan, a tara ƙasa ta zama bango don ruwa ya taru a bayanta, wannan bai yawaita ba sai a zamanin da aka ƙirƙiro jihohi.

A shekarar 1967 aka yi Jihar Kano, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako ya zama gwamnanta, ya kuwa riƙe ta har 1975. Babban abin da ya sa a gaba shi ne ruwa, domin ƙasar tana da yawan jama'a, ga shi kuma damina ba ta wuce 'yan watanni. Madatsar Bagauda, wadda ke ƙasar Bebeji kudu da birnin Kano, tana cikin na farkon da aka gina, an kuwa gama ta a 1970. An raɗa mata sunan Bagauda, wanda littafin Tarihin Kano ya ce shi ne sarki na farko. Ruwan da take ɗauka kimanin kyubik mita miliyan 22 ne, watau ƙarama ce ƙwarai in an gwada ta da ta Tiga da aka gama a 1974, wadda ta ninka ta fiye da sau 80. Da ruwan Bagauda aka fara gwajin noman rani a Kadawa, kuma farin da aka sha daga 1972 zuwa 1974 ya nuna wa kowa cewa tanadin bai zama ɓarnar kuɗi ba.

Har ila yau, ba noma kaɗai gwamnatin wancan lokaci ta nufa ba. Ta gina masauƙin baƙi a bakin tafkin, inda ma'aikata da 'yan kasuwa da baƙi daga ƙasashen waje suke zuwa shan iska a ƙarshen mako. Wurin ya kuma zama matattarar manyan tarurruka, alal misali taron da masana suka yi a 1980 kan halin da ilmi yake ciki a Nijeriya. Ruwan da ba ya ƙafewa da rani shi da kansa yake gayyato halitta. Karfasa da tarwaɗa suka hayayyafa, masunta suka sami abin yi, zalɓe da balbela da agwagin ruwa suka sami mafaka, haka nan tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai lokacin hunturu.

To, sai dai madatsa irin wannan ƙasa ce kawai aka jibga hawa-hawa aka daɓe, yawanci da yumɓu a tsakiya don ya hana ruwa ratsawa. Akan jera duwatsu ta fuskar tafki saboda dukan igiyar ruwa, a dasa ciyawa ta baya saboda zaizaya, sa'an nan a buɗe wata mafita a gefe inda rarar ruwa za ta bi in tafki ya cika. Hanya biyu ce irin wannan gini ya fi rushewa. Ta farko, ruwa ya fi ƙarfin mafitarsa ya haura ta saman bango, ya cinye shi cikin 'yan sa'o'i. Ta biyu, ruwa ya sami ƙaramar kafa, ko ramin gafiya, ko gidan gara, ko gurbin saiwar itace da ta ruɓe, ya riƙa kwasar ƙasa kaɗan-kaɗan har kafar ta zama ƙofa. Daɗin daɗawa, yashi da laka da ruwa ke kwasowa daga gonaki suna cike tafki kowace shekara, su rage masa ciki.

A watan Agusta na 1988, bayan ruwan sama mai yawa da aka yi a ƙasar Kano, madatsar Bagauda ta ɓalle, tana da shekara 18 kacal da ginawa. Ruwa ya bi ta kan ƙauyuka da gonaki, aka yi hasarar rayuka da gidaje da dabbobi da amfanin gona. Yawancin waɗanda abin ya faɗa wa talakawa ne da ke zaune ƙasa da madatsar, ba masu zuwa shan iska ba. Daga baya an sake ɗaure bangon, tafki ya dawo, masauƙin kuwa aka mai da shi reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya.

A nan akwai darasi wanda tarihin Kano ya riga ya koyar. Ganuwar birni, wadda aka ce Sarki Gijimasu jikan Bagauda ne ya fara ginawa, ita ma ƙasa ce. Abin da ya tsai da ita ɗaruruwan shekaru shi ne hukuma ta ɗauki gyaranta wajibi, ana tara jama'a a toshe inda ruwa ya ci. Da aka daina, sai ta soma zubewa. Madatsar ƙasa ganuwa ce da aka yi wa ruwa, bukatarta kuwa ɗaya ce da ta waccan: mai duba ta a kai a kai, mai sare itacen da ya tsiro a jikinta, mai share mafitar ruwa kafin damina ta faɗi.

Saboda haka nauyin yana kan ma'aikacin da ke tsara kasafin kuɗi, da ɗalibin da zai gaje shi gobe. Ranar buɗe sabuwar madatsa akwai kiɗa da jawabai, amma kuɗin gyara layi guda ne a takarda, shi ne kuma na farkon sokewa in aljihun gwamnati ya yi ƙunci. Jihar Kano da maƙwabtanta suna da madatsun ƙasa masu yawa da suka haura shekara 40, kuma a ƙarƙashin kowacce akwai mutanen da ke kwana bisa amanar cewa wani yana duba bangon.